Gas mai tsami a rijiyar mai: a cikin ɗanyen mai yake ɓuya ko a cikin ruwan zartsi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kana aiki a wata tashar tara ɗanyen mai a yankin Neja Delta. Filin naku ya shekara fiye da goma ba a san shi da warin komai ba, sai ga shi tun da aka soma tura ruwan teku ƙasa don a tallafa wa matsi, na'urar da ke auna H2S a layin gas take ta hawa, alhali abin da rijiyoyin ke kawowa yanzu yawancinsa ruwa ne. Tambayarka ita ce: a ina wannan gas ɗin yake zama a ƙarƙashin ƙasa, a cikin mai ko a cikin ruwa, kuma me ya sa yake ƙaruwa a daidai lokacin da man ke raguwa?

Amsar a taƙaice ita ce yana cikin duka biyun, yana kuma cikin gas idan akwai gas. Haidurojin salfaid, wato H2S, wanda shi ne ke sa 'yan sana'a su kira gas ko mai "mai tsami", ba shi da gida guda. Rabon kansa yake yi tsakanin gas da mai da ruwa, kuma rabon yana sauyawa da matsi, da zafi, da yawan gishirin ruwan, da tsaminsa. Lambar da kake gani a na'ura kason da ya faɗo wa gas ne a wannan wurin, a wannan matsin. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Mu fara da ruwa, don shi ne mutane suka fi rainawa. A zafin digiri 20, a matsin iskar da muke shaƙa, lita ɗaya ta ruwan daɗi tana iya shanye kusan lita 2.6 ta H2S, wato kimanin giram 4. Wannan litar ba ta kai ga shanye cikakkiyar lita ɗaya ta CO2, iskar da ke cikin lemon kwalba, ba. Shi kuwa mitan, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin gas ɗin rijiya, abin da lita ɗaya ke ɗauka bai wuce cokali biyu ba. Ka ga ke nan duk wanda ya saba tunanin cewa gas ba ya shiga ruwa, tunaninsa a kan mitan ya ginu, kuma H2S ya ninka mitan wajen narkewa sau saba'in ko fiye. Ƙa'idar da ke tafiyar da wannan tsohuwa ce, William Henry ya bayyana ta a Ingila a 1803: yawan gas ɗin da ruwa zai riƙe yana tafiya ne daidai da kason matsin da wannan gas ɗin yake da shi a saman ruwan. Kason matsi shi ne jimillar matsi a ninka da kason gas ɗin a cikin cakuɗen. Idan ma'ajiyar mai tana kan matsin bar 300 (bar ɗaya kusan matsin iskar da muke shaƙa ne), kuma kashi 1 cikin 100 na gas ɗin H2S ne, to kasonsa bar 3 ne, ninki uku na abin da muka yi lissafin giram 4 a kansa. Ɗan kashi ɗaya ne a takarda, amma a zurfin kilomita uku ya ishi ruwan ya ƙoshi.

Abubuwa biyu ne ke rage wa ruwan wannan ci. Na farko zafi. Kamar yadda lemon kwalba da ya sha rana yake saurin sakin iskarsa, haka ruwan ƙasa: a digiri 100 abin da yake riƙewa na H2S bai fi kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yake riƙewa a digiri 20 ba, idan kason matsin ɗaya ne. Na biyu gishiri. Ruwan da ke cikin dutsen mai ba ruwan daɗi ba ne, zartsi ne, wani wurin bai kai ruwan teku ba, wani wurin kuma ya ninka shi sau biyar ko shida. Ƙwayoyin gishiri suna janye ƙwayoyin ruwa su kewaye kansu da su, sai ruwan da ya rage don karɓar baƙo ya yi kaɗan. Wani masani ɗan Rasha, Ivan Sechenov, shi ya tsara lissafin wannan a ƙarshen ƙarni na 19. A ruwan teku ragin bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, amma a ruwan da ya kusa cika da gishiri yakan kai rabi. Wannan yana da amfani a gare ka kai tsaye: inda ruwan da ake turawa da ruwan asalin dutsen suka bambanta a gishiri, ƙarfinsu na ɗaukar gas ɗin ma ya bambanta.

Sai abin da ya raba H2S da mitan gaba ɗaya, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. Mitan idan ya shiga ruwa mitan ne har ya fita. H2S kuwa asid ne mai rauni. Da ya shiga ruwa wani kasonsa yakan saki zarrar haidurojin guda ya koma HS⁻, abin da ake kira baisalfaid. Shi baisalfaid yana ɗauke da caji, don haka ba ya tashi ya koma gas, ba ya kuma shiga mai. A ruwa kaɗai yake zama. Ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa (ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kanwa-kanwa), shi ke yanke yawan wanda zai rikiɗa. A pH 7 kusan rabi da rabi ne. A pH 6 kusan kashi 90 cikin 100 yana nan a matsayin H2S mai iya tashi. A pH 8 lamarin ya juye, kashi 90 ya zama baisalfaid ya kwanta. Duk mai girki ta san idan tsamin miya ya yi yawa ɗan kanwa ake jefawa ya kashe shi. To haka kanwa-kanwar ruwa take ɗaure wannan gas. Sai dai ɗauri ne kawai, ba a hallaka shi ba. Ranar da tsami ya dawo wa ruwan, gas ɗin zai tashi gaba ɗaya.

A can ƙasa ruwan yakan kasance da ɗan tsami, tsakanin pH 5 da 6 a wurare da yawa, saboda CO2 da ke narke a cikinsa a ƙarƙashin matsi. Idan ya hau sama matsi ya sauka, CO2 ya fice, pH ya ɗaga, sai wani kason salfaid ɗin ya maƙale a ruwan a matsayin baisalfaid ya bi shi zuwa tankin ruwa da layin zubarwa. Shi ya sa za ka auna gas ka ga lamba mai sauƙi, ka ɗauka lafiya lau, alhali ruwan da aka ware yana tafe da kaya. Shi ya sa kuma masu haƙa ke riƙe taɓon haƙa a pH 10 ko sama idan suna ratsa dutse mai tsami, su kuma zuba masa sinadarin tutiya ko na ƙarfe da zai kama salfaid ɗin ya mayar da shi gari. Haɗarin da na fi jin tsoro a wannan fanni shi ne lokacin da aka zuba asid don wanke baƙin dattin da ya taru a bututu ko a tanki. Wannan baƙin dattin sau da yawa salfaid ɗin ƙarfe ne, kuma asid yana taɓa shi H2S zai fito a take, a wurin da ma'aikata ke tsaye da hancinsu.

Yanzu mai. Ko da yake tsarin ƙwayar H2S ya yi kama da na ruwa, an dai sa farar wuta a gurbin oksijin, halinsa ya fi kusa da na ƙananan 'yan gidan mai. Yana tafasa a digiri 60 ƙasa da sifili, tsakanin itan mai tafasa a 89 ƙasa da sifili da furofen mai tafasa a 42 ƙasa da sifili. Zafin da idan ya wuce shi ba ya sake zama ruwa-ruwa komai matsi kusan digiri 100 ne, na furofen kuwa 97. Don haka ɗanyen mai yana karɓarsa kamar ɗan gida. Idan mai da ruwa suna haɗe sun daidaita, lita ɗaya ta mai galibi tana riƙe ninki uku zuwa biyar na H2S ɗin da lita ɗaya ta ruwan ke riƙewa, kuma man da ke da sinadaran aromatik (dangin benzin, masu ƙwayoyi zobe-zobe) da yawa ya fi jan sa. Ka lura wannan ninkin ya shafi H2S ne wanda bai rikiɗa ba. Baisalfaid ba ya cikin rabon. Ƙaruwar gishiri tana tura gas ɗin daga ruwa zuwa mai, ɗagawar pH kuma tana janyo shi daga mai zuwa ruwa.

Kada ka haɗa wannan da batun farar wutar da ake ambata a kasuwar mai. Idan aka ce Bonny Light, wani nau'in ɗanyen man Najeriya, mai zaƙi ne, ana nufin jimillar farar wutar da ke ɗaure a jikin ƙwayoyin man ba ta kai kashi 0.5 cikin 100 ba, ta Bonny Light ma ba ta kai 0.2 ba. Wannan batun matatar mai ne da farashi. H2S da ke narke a ciki wani lissafi ne dabam, kuma mai zai iya zama mai zaƙi a takardar ciniki ya kashe mutum a bakin tanki. Ppm ɗaya tak, wato kashi ɗaya cikin miliyan, a cikin man, bisa nauyi, yana iya ba da ppm hamsin ko fiye a iskar da ke saman tankin da ke rufe.

Muddin matsin ma'ajiya yana sama da matsin kumfa, duk gas yana narke a cikin man, kamar lemon da ba a buɗe ba. Da matsi ya sauka ƙasa da wannan iyaka, ko a cikin dutsen ko a hanyar hawa bututu, kumfa za ta fara fita. Mitan ne ke riga kowa fita don shi ne man bai riƙe da ƙarfi ba, H2S kuma yakan yi jinkiri. Sakamakon haka, idan tasharku tana da tukwanen rabe gas da mai da ruwa hawa-hawa, gas ɗin tukunyar farko mai babban matsi yakan nuna ppm kaɗan, na tukunyar ƙarshe mai ƙaramin matsi kuma ya nuna ninkin-ba-ninkinsa. Rijiya ɗaya ce, rana ɗaya, lambobi uku mabambanta, kuma dukansu daidai ne. Duk wanda ya kawo maka lambar H2S bai faɗi inda ya ɗebo ta da matsin wurin da zafinsa ba, ka mayar da shi ya cike.

Ga amsar rabin tambayarka na biyu, kuma lissafi ne kawai. Ɗauki misali, rijiya mai kawo ganga 1,000 a rana, ruwan da ke fitowa yana ɗauke da miligiram 10 na H2S a kowace lita, kowace gangar mai kuma tana sakin gas ƙafa kubik 500. Lokacin da ruwa yake kashi 20, kana da ganga 200 ta ruwa, wato H2S kusan giram 320 a rana, ya watsu cikin gas ɗin ganga 800 ta mai. Idan duka ya koma gas, na'ura za ta nuna kusan ppm 20. Shekaru sun wuce, ruwa ya kai kashi 90. Yanzu ganga 900 ta ruwa tana kawo kusan kilo 1.4, gas ɗin da zai ɗauke shi kuwa na ganga 100 ne kacal. Na'ura za ta nuna kusan ppm 700. Abin da ke cikin kowace litar ruwa bai ƙaru da ko ƙwaya ba, amma lamba ta ninka sau 36: ruwan ya ƙaru sau huɗu da rabi, gas ɗin da ke surka shi ya ragu sau takwas. A zahiri ba duka ke komawa gas ba, don ruwa da mai suna riƙe nasu kason, amma alkiblar ke nan. Saboda haka ni ba na yarda da jadawalin ppm shi kaɗai. Ina so in ga kilo nawa na H2S rijiya ke fitarwa a rana, a gas da mai da ruwa a haɗe, sannan a raba da yawan ruwan. Wannan ne zai nuna maka ko ma'ajiyar tana ƙara tsami da gaske, ko kuwa gas ne ya ragu.

A naku yanayin mai yiwuwa duka biyun ne, domin ruwan teku yana zuwa da abincin matsalar. Kowace lita tana ɗauke da kimanin miligiram 2,700 na salfet. Akwai bakteriya da ke rayuwa inda babu oksijin, suna numfashi da salfet kamar yadda muke yi da iska, abin da suke fitarwa kuma shi ne H2S. Irinsu ne ke sa warin baragurbi a kwata da sokawe, kuma wannan gas ɗin yana cikin abubuwan da ke kayar da masu shiga ramin masai ko tsohuwar rijiya don yasa. Zafin da ya wuce digiri 80 yakan hana yawancinsu sakat, shi ya sa ma'ajiya mai zafi take zaune lafiya kafin a taɓa ta. Amma ruwan teku mai sanyi ne, yana sanyaya dutsen da ke kewaye da rijiyar turawa, ya kawo salfet, ya tarar da abinci a cikin ruwan asali da ragowar mai. Gida ya samu.

Dalilin da ya sa ba ku ga tsamin nan da nan ba yana komawa ga wancan rabon tsakanin mai da ruwa. Ruwan da ya ɗauko H2S daga kusa da rijiyar turawa yana bi ta cikin dutsen da har yanzu akwai ragowar mai maƙale a ƙofofinsa, kuma wannan man yana ƙwace gas ɗin daga ruwan har sai ya ƙoshi. Dutsen kansa ma yana karɓar nasa: ma'adinai masu ƙarfe kamar sidarait da hematait suna kama salfaid su mayar da shi dutse. Don haka ruwan teku yakan iso rijiyar haƙowa da fari ba wari, H2S yana biye a baya da tazarar watanni ko shekaru. Ranar da ka fara ganinsa a na'ura, ya daɗe da cika hanya. Wannan kuma yana nufin ko yau aka kashe bakteriyar gaba ɗaya, man da ya ƙoshi zai ci gaba da mayar wa ruwa abin da ya karɓa na tsawon lokaci. Na sha ganin an soma magani, bayan wata uku lamba ba ta sauka ba, aka yanke hukuncin maganin bai yi ba aka daina. Wannan gaggawa ce, kuma tana da tsada.

Maganin da aka fi dogara da shi a teku shi ne zuba naitiret a ruwan turawa, don wasu bakteriya masu amfani da shi su rinjayi masu cin salfet a kan abinci, wasunsu ma su cinye salfaid ɗin da aka riga aka yi. An gwada shi a filayen ƙasar Norway na Tekun Arewa, Veslefrikk da Gullfaks, a ƙarshen shekarun 1990. A Najeriya filin Bonga, mai nisan kilomita 120 daga gaɓa, wanda ya fara fitar da mai a Nuwamban 2005, an tsara shi da tura naitiret tun daga farko. Wasu filayen kuma sukan tace salfet ɗin daga ruwan teku kafin a tura shi.

Duk wannan tsamin bakteriya ne, kuma a ma'aunin duniya ƙarami ne, gommai zuwa dubban ppm. Manyan filaye masu tsami wata hanya ce ta haife su. A zurfin da zafi ya haura kimanin digiri 120 zuwa 140, salfet ɗin da ke cikin anhaidirait, ɗan'uwan jifsam ɗin da ake yin silin da shi, yana narkewa a ruwan dutsen ya yi ma'amala da mai da gas kai tsaye, ba tare da wata halitta ba, ya haifar da H2S da CO2. Ka lura a nan ma cikin ruwa abin yake faruwa. Kusan duk irin waɗannan filaye a dutsen farar ƙasa suke, don shi ba shi da ƙarfen da zai kama salfaid. Filin Lacq na kudancin Faransa, da aka gano a 1951, gas ɗinsa yana da kusan kashi 15 cikin 100 na H2S. Na Shah a Abu Dabi ya kai kusan kashi 23. Dutsen Agbada na Neja Delta kuwa yashi ne da laka mai ƙarfe, wanda yana cikin dalilan da suka sa man yankin ya fito da zaƙi tun asali. A irin wancan matsi da yawan H2S ƙa'idar Henry ba ta isa ita kaɗai, domin gas ɗin ya yi kauri ya daina bin lissafi mai sauƙi. Injiniyoyi sukan koma ga lissafin da Peng da Robinson suka fitar a Jami'ar Alberta a 1976, da gyaran da Søreide da Whitson suka yi masa a 1992 don ya ɗauki ruwan gishiri. Amma lissafi ba ya wuce ingancin samfurin da aka gina shi a kai.

A nan ma akwai tarko. H2S yana manne wa ƙarfe. Idan aka ɗebo samfurin mai daga ƙasa a kwalbar ƙarfe wadda ba a shafe cikinta ba, bangon kwalbar da bututun na'urar za su iya shanye 'yan ppm ɗin da ke ciki kafin a isa ɗakin gwaji, sakamako ya fito sifili. A kan wannan sifilin za a sayi bututu, a gina tasha. Idan kashi 15 ne asarar ba za ta ɓoye komai ba, amma idan ppm 20 ne tana iya shafe shi ɗungurungum, kuma ppm 20 ba abin rainawa ba ne. Ƙa'idar zaɓen ƙarfe da masana'antar ke bi, NACE MR0175, wadda ta fara fitowa a 1975 kuma yanzu take tafiya da ISO 15156, ta sa iyaka a kason matsin H2S na psi 0.05 (psi ma ma'aunin matsi ne, kusan 14.5 ke yin bar ɗaya). A rijiya mai matsin psi 5,000, ppm 10 kacal ya kai wannan iyaka.

Dalilin tsananin shi ne yadda yake cin ƙarfe, kuma sai da ruwa yake yin hakan. Busasshen H2S ba ya yi wa bututu wata ɓarna ta a-zo-a-gani. A cikin ruwa yana cin fuskar ƙarfen ya bar baƙin salfaid, yana kuma sakin zarrar haidurojin ɗai-ɗai. A tsatsar yau da kullum waɗannan zarra sukan haɗu bibbiyu su zama gas su tashi. Salfaid yana hana su haɗuwa, sai su kutsa cikin jikin ƙarfen, su taru inda yake da tauri ko inda yake ɗauke da nauyi, musamman gefen walda, har ya tsage farat ɗaya ba tare da ya siranta ba. Ƙarfe mafi tauri shi ya fi saurin tsagewa, shi ya sa ƙa'idar ta taƙaita taurin baƙin ƙarfe a 22 bisa ma'aunin Rockwell C. Wannan tsagewar kuma ta fi tsanani a zafin ɗaki fiye da zafin ƙasan rijiya, don haka saman rijiya da layukan tasha, inda kuke aiki, su ne a gaba. Filin Kashagan na Kazakistan ya fara fitar da mai a Satumban 2013, cikin 'yan makonni bututun da ke kai gas gaɓa ya soma yoyo saboda irin wannan tsagewa, aka rufe filin, ba a dawo ba sai 2016 bayan an sauya bututan.

Game da lafiyarku, hanci yana jin warinsa tun bai kai ppm ɗaya ba, amma a wajen ppm 100 zuwa 150 yakan kashe jijiyar jin wari, mutum ya ɗauka ya wuce. Daga ppm 700 zuwa sama shaƙa ɗaya ko biyu kan kayar da mutum. Ya fi iska nauyi, yana kwanciya a rami da kwari. A daren 23 ga Disamba 2003 wata rijiyar gas ta ƙwace a gundumar Kaixian da ke Chongqing a ƙasar Sin, mutum 243 suka rasu, yawancinsu mutanen ƙauyukan da ke kewaye. A tasha irin taku wuraren da nake so ka sa wa ido su ne inda ruwa ke samun sakewa daga matsi ko ake motsa shi: bakin tankin ruwa, ramin magudana, wurin ɗiban samfur, da duk bututun da aka daɗe da rufewa da ruwa kwance a ciki. Idan abokin aiki ya faɗi a irin wannan wuri, kada kowa ya bi shi sai da na'urar numfashi a fuska.

Abin da zan ba ka shawara ka kai wa shugabanku shi ne a ɗebi gas da mai da ruwa a rana ɗaya daga tukunyar gwaji, rijiya bayan rijiya, a rubuta matsi da zafi. A auna gas ɗin nan take a wurin. A auna pH ɗin ruwan kafin ya sha iska, a kuma ɗaure salfaid ɗinsa a cikin kwalba da sinadarin tutiya tun a bakin famfo, in ba haka ba kafin a kai ɗakin gwaji wani ya tashi, wani oksijin ya cinye shi. A duba salfet da kuloraid na ruwan don a san kason ruwan teku a cikinsa. Idan salfet ya gaza abin da cakuɗen ya kamata ya bayar, kuma ba ɓawon bariyam, wanda ke daskarewa da salfet a dutse da bututu, ne ya ɗauke shi ba, to bakteriya ne suka ci. Idan ana son tabbaci, gwajin nauyin zarrar farar wuta yana bambance salfaid ɗin bakteriya, wanda yakan fito da sauƙin nauyi, da na zafin ƙasa. Daga nan sai a fitar da kilo a rana na kowace rijiya, a jera shi da yawan ruwan da aka tura a ɓangarenta, a kuma ciro takardun bututu da kan rijiya a ga ko ƙarfen da aka sa tun farko an saye shi ne don aikin tsami. Idan ka samu waɗannan lambobin, turo mini su mu duba tare.